Haidarabad: Yadda Baƙo Zai Zagaya Birnin Daga Golkonda Zuwa Charminar

Haidarabad, babban birnin jihar Telangana a kudancin Indiya, gari ne da mutanenmu suke sauka cikinsa saboda jinya ko karatu ko fatauci, su yi makonni tsakanin masauki da asibiti, su koma gida ba su san cewa sun kwana a gefen ɗaya daga cikin manyan biranen tarihin Musulunci na ƙasar Hindu ba. Wannan asara ce da ba ta da dalili, domin kwana 4 sun isa mutum ya ga abin da ya kamata ya gani, matuƙar ya bi tsari. Tsarin da nake ba da shawara shi ne baƙo ya bi garin yadda tarihi ya gina shi: ya fara da dutsen Golkonda inda sarauta ta soma, ya sauko Charminar, ginin mai hasumiyoyi huɗu, inda aka kafa birnin a 1591, sannan ya shiga gidajen sarakunan Nizam da suka gaje shi. Wanda ya fara da Charminar zai ga kyakkyawan gini a tsakiyar cunkoso, amma ba zai gane dalilin gina shi a wurin ba.

Mataki na farko: zaɓen lokaci da shirin takardu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, domin iska tana da sanyi kuma ana iya hawa dutse ba tare da galabaita ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura maki 40, sannan damina ta sauka daga Yuni zuwa Satumba. Wanda ya zo a watan Janairu zai tarar da baje kolin Numaish a unguwar Nampally, wanda ake yi tun 1938, inda fatake daga kowane sashe na Indiya suke kasa kayansu har tsakiyar Fabrairu. Watan azumi kuwa yana da nasa armashi, domin tsohon gari ba ya barci daga shan ruwa har sahur.

Ana neman biza a ofishin jakadancin Indiya, kuma dole ne irin bizar ta dace da dalilin tafiya, ko ta yawon buɗe ido, ko ta jinya, ko ta mai rakiyar maras lafiya. Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma jami'an lafiya na filin jirgi suna da ikon killace wanda bai zo da shi ba, saboda haka a ajiye shi tare da fasfo. Kowane masauki yana yi wa baƙo ɗan ƙasar waje rajista da hukuma, don haka kada ka yi mamaki idan an karɓi fasfonka an ɗauki hotonsa. Agogon Indiya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa 4 da rabi, abin da ya kamata a tuna kafin a kira gida.

Mataki na biyu: sauka, masauki da zirga-zirga

Filin jirgin sama na Rajiv Gandhi yana Shamshabad, kudu da gari, kuma an buɗe shi a 2008. Daga nan akwai motocin safa na Pushpak masu shiga gari, akwai kuma tasi da ake biya tun a cikin filin jirgi, ko a kira ta manhajar Uber ko Ola. A cikin gari abin hawan da ya fi yawa shi ne keke mai ƙafa uku, wanda muka sani da A Daidaita Sahu, domin daga Indiya kamfanonin Bajaj da TVS suke kawo mana shi. A yanke kuɗi kafin a hau, ko a kira shi ta manhaja don a huta da jayayya. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 2017, yana da tsafta da arha, kuma tashar MGBS ita ce mafi amfani ga mai son shiga tsohon gari, daga nan sai ya ƙarasa da keke. Motoci suna bin hannun hagu, saboda haka a fara duban dama kafin a tsallaka titi.

Game da masauki, unguwannin Abids da Nampally da Lakdikapul suna tsakiya, kusa da kowane ɓangare. Banjara Hills da Jubilee Hills sun fi tsada da natsuwa, kuma manyan asibitoci da dama suna can. Tolichowki tana kusa da Golkonda, kuma a cikinta akwai mazauna daga Sudan da Somaliya da Yaman da sauran ƙasashen Afirka, don haka wanda cikinsa bai karɓi yajin Indiya ba zai sami abincin da ya saba da irinsa. Mutanen gari sun koma biyan kuɗi ta waya har wajen mai shayi, amma tsarin yana da wahalar shiga ga baƙon da ba shi da asusun banki a ƙasar, saboda haka a riƙe rupi a hannu, musamman ƙananan takardu. A san kuma cewa a wuraren tarihi kuɗin shiga na ɗan ƙasar waje ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. Haka doka ta tsara, ba cuta ba ce daga mai sayar da tikiti.

Mataki na uku: Golkonda da hubbaren sarakuna

Ka ba wannan wuri yini guda, kuma ka isa da an buɗe ƙofa da safe, da ruwan sha da takalmi mai riƙe ƙafa. Golkonda tana yamma da tsohon gari da kimanin kilomita 11, a kan dutse mai tsawon mita 120. Asalinta ganuwar ƙasa ce ta sarakunan Kakatiya, daga baya ta koma hannun daular Bahmani, har zuwa 1518 lokacin da gwamnan yankin, Sultan Kuli Kutubul Mulk, wanda asalinsa daga Hamadan ta ƙasar Farisa ne, ya tsaya da ƙafarsa ya kafa gidan sarautar Kutub Shahi. Shi da magadansa ne suka mayar da ganuwar ta dutse, mai kewayen kimanin kilomita 10 da ƙofofi 8. Arzikin da ya gina ta daga daimon ya fito, domin a wancan zamani Golkonda ce kasuwar duwatsun da ake haƙowa a gaɓar kogin Krishna, kuma daga wannan yanki ake danganta shahararren daimon ɗin Koh-i-Noor da ke hannun masarautar Ingila a yau.

Tun daga ƙofa ka fara lura. Ƙyauren katako ne mai kauri da aka kafa wa ƙusoshin ƙarfe masu tsini a daidai tsayin goshin giwa, domin da giwaye ake fasa ƙofofin birni a yaƙin wancan lokaci. A gaban ƙofar ciki an gina katanga ta tare hanya, yadda rundunar da ta taho da gudu dole ta karya kwana ta rage ƙarfi. Idan ka shiga zauren da ke bayan ƙofar za ka ji mutane suna ta tafi a ƙarƙashin ƙubba. Ba wasa kawai suke yi ba: magina sun tsara rufin ta yadda tafin da aka yi a wannan tsakiyar ake jin sa a soron da ke ƙololuwar dutse, nisan kusan kilomita 1, kuma da haka masu gadi suke sanar da fada cewa baƙo ko abokin gaba ya iso. Idan kuna da yawa, wani ya tsaya a ƙasa ya tafa bayan sauran sun kai sama.

Matakalar hawa ta haura 300, kuma ba a yi ta don gaggawa ba. A kan hanya za ka ga rumbunan hatsi, da tankunan ruwa, da ragowar bututun yumɓu a cikin bango, waɗanda ta cikinsu ake tura ruwa hawa-hawa har saman dutse. Za ka wuce ɗakin da aka tsare Ramdas, mai karɓar haraji da ya kashe kuɗin baitulmali wajen gina wurin bauta a Bhadrachalam, aka ɗaure shi shekara 12. Kusa da ƙololuwa akwai masallacin Sultan Ibrahim, ɗaya daga cikin sarakunan Kutub Shahi, mai ƙananan hasumiyoyi biyu, kuma 'yan taku kaɗan daga gare shi akwai wurin bautar Hindu a jikin dutse. Wannan maƙwabtaka ita ce halin garin tun farko, kuma baƙon da ya fahimce ta a nan ba zai rikice ba idan ya sake ganin ta a ƙasa. Daga soron sama ana hango ƙubbobin hubbaren sarakuna a arewa, da dogayen benayen gilashi na kamfanonin kwamfuta a nesa.

A 1687 Aurangzeb, sarkin daular Mugal ta arewacin Indiya, ya yi wa Golkonda ƙawanya wata 8 bai iya fasa ta ba, sai da wani daga ciki ya buɗe masa ƙofa. An kama sarki na ƙarshe, Abul Hasan Tana Shah, aka kai shi Daulatabad inda ya rasu a tsare. Idan za ka ɗauki ɗan jagora, kuma ina ganin ya dace a wannan wuri, ka nemi mai katin shaida ka kuma daidaita da shi tun a ƙofa.

Bayan azahar ka wuce hubbaren Kutub Shahi, kimanin kilomita 1 daga ganuwar. A ganina nan ne wurin da ya fi kowane cancantar a zauna a yi shiru a dube shi, kuma shi ne wanda baƙi suka fi tsallakewa. Fili ne mai itatuwa inda aka binne kusan dukan sarakunan gidan tare da iyalansu da likitocinsu, kowane a ƙarƙashin ƙubba mai siffar albasa da ke zaune a kan zoben ganyen fure na farar ƙasa. Na Muhammad Kuli, wanda ya kafa birnin, yana cikin mafi girma. Ka nemi na Hayat Bakshi Begum, matar da ta kasance 'yar sarki, matar sarki, kuma uwar sarki, wadda aka gina wa masallaci a gefen kabarinta. Akwai ɗakin wankan gawa, akwai kuma rijiyoyi masu matakala da ake sauka cikinsu har bakin ruwa. Tun 2013 gidauniyar Aga Khan take gyaran wurin da irin farar ƙasar da magina na farko suka yi aiki da ita, ba da siminti ba, shi ya sa zanen jikin bango ya sake fitowa sarai. Maƙabarta ce ta Musulmi, don haka a cire takalmi a bakin ɗaki, a yi sallama da addu'a, a rage murya.

Mataki na huɗu: Charminar da tsohon gari

Da jama'a suka yi wa Golkonda yawa, ruwa ya yi ƙaranci, cuta ta yawaita, sai sarki na biyar, Muhammad Kuli Kutub Shah, ya tsallaka kogin Musi ya kafa sabon birni a 1591, bisa tsarin da wazirinsa Mir Mumin Astarabadi ya zana. Sarkin mawaƙi ne a harshen Urdu na Dakkan, wato yankin da garin yake, kuma har yau mutanen garin suna tuna addu'arsa cewa Allah ya cika masa birni da mutane kamar yadda ya cika kogi da kifi. Duk wanda ya tsaya a gindin Charminar da yamma zai shaida cewa an amsa.

Charminar gini ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 20, da manyan bakuna huɗu masu kallon hanyoyi huɗu, da hasumiyoyi huɗu masu tsawon kimanin mita 56. Riwayar da ta fi yawo ita ce an gina shi don godiya ga Allah bayan annoba ta yaye, wasu kuma suna danganta shi da shigowar shekara ta 1000 bayan Hijira. Agogunan da ke fuskokinsa an ƙara su ne a 1889. A saman ginin akwai masallaci, amma baƙi suna tsayawa ne a hawa na farko, ta wata matsattsiyar matakala mai murɗewa wadda ba ta dace da dattijo ko mai ciwon gwiwa ba. Ka zo da sassafe idan hoto kake so, ka dawo bayan magariba idan rayuwar wurin kake son gani. A jikin ɗaya daga cikin kusurwowinsa akwai ƙaramin wurin bautar Hindu wanda ake taƙaddama a kansa tsakanin mutanen gari. Wannan ba maganar baƙo ba ce, a wuce shi da mutunci.

'Yan taku kaɗan kudu maso yamma akwai Masallacin Makka. Sarki na shida, Muhammad Kutub Shah, ya aza harsashinsa a 1617, ba a kammala ba sai a 1694 a zamanin Aurangzeb. Sunan ya samo asali ne daga tubalan da aka yi da ƙasar Makka aka sa a bakan tsakiya. An gina shi da manyan duwatsu da aka sassaƙa, yana ɗaukar masallata kimanin 10,000, kuma a gefen harabarsa akwai wata doguwar rumfa mai bakuna inda aka binne da yawa daga sarakunan Nizam. Tun bayan harin bam na 2007 ana bincike a ƙofa, don haka kada a zo da babbar jaka. Idan kwanakinka sun haɗa da Juma'a, ka yi ta a nan, ka kuma zo da wuri.

Akwai abin da mai sallah daga ƙasarmu ya kamata ya sani. Mafi yawan Musulmin garin Hanafawa ne, kuma La'asar ɗinsu tana jinkiri fiye da yadda muka saba, saboda haka kada ka ga shiru ka ɗauka an riga an yi. Kowane masallaci yana da allo a bango mai nuna lokacin kiran sallah da lokacin tayarwa, shi za ka bi. Masallatai da yawa ba su da sashen mata, don haka mai tafiya da iyali ya tambaya tun da wuri. Garin yana da tsohuwar al'ummar Shi'a, domin sarakunan Kutub Shahi 'yan Shi'a ne, su kuwa Nizam Ahlus Sunna ne, kuma a ranar 10 ga Muharram ana rufe hanyoyi da dama a tsohon gari saboda jerin gwanon Bibi ka Alam da ake yi da giwa.

Daga bakan yamma na Charminar kasuwar Laad Bazaar ta fara, inda iyayen amare suke haɗa kayan aure. Abin da ta shahara da shi shi ne awarwaro da ake yi da wani irin ƙaro. Idan ka leƙa lungunan baya za ka ga mai sana'a zaune gaban kaskon gawayi, yana gasa ƙaron har ya yi laushi, ya mulmula shi ya naɗe a jikin zobe, sannan ya ɗauki ƙananan duwatsu masu walƙiya da hantsaki yana dasa su ɗaya bayan ɗaya kafin ya huce. Wanda ya ga wannan aiki zai san abin da yake saya, kuma zai ji nauyin yi wa mai shi tayin wulaƙanci. Arewa da Charminar, a layin Pathergatti mai shagunan dutse, akwai masu turare da masu yadi da masu lu'ulu'un teku. Haidarabad ba ta kusa da teku, amma sarakunanta sun jawo fataken lu'ulu'u daga Basra da Tekun Fasha, har huda shi da jera shi suka zama sana'ar gari. Na jabu yana da yawa a hannun masu talla. Na gaske idan ka goga shi a haƙori za ka ji ɗan kaushi, na roba kuwa santsi ne, amma abin da ya fi wannan gwaji shi ne ka saya a shago mai rasit da takardar shaida. Ciniki a titi sai da tayi. A manyan shaguna farashi a rubuce yake. A cikin cunkoso a mayar da jaka gaba.

Mataki na biyar: gidajen Nizam

Bayan Mugal sun yi rauni, gwamnansu na Dakkan, Nizamul Mulk Asaf Jah, ya kafa nasa mulki a 1724, kuma zuriyarsa ta riƙe ƙasar har Satumbar 1948 lokacin da sojojin Indiya suka shigo aka haɗe ta da sauran ƙasa. Na bakwai kuma na ƙarshe, Mir Usman Ali Khan, shi ne wanda mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a 1937 a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a duniya.

Fadar Chowmahalla tana bayan Masallacin Makka, ana zuwa da ƙafa ta Laad Bazaar. An fara ta a 1750, aka kammala a tsakiyar ƙarni na 19. Zuciyarta ita ce zauren Khilwat Mubarak, inda karagar farin marmara take a ƙarƙashin fitilun ƙarau 19 da aka kawo daga Beljiyam, kuma a nan ake naɗa sarki. A ɗakunan gefe akwai takubba da tufafi da tsofaffin hotuna, a baya kuma akwai motocin sarki, har da Rolls-Royce mai launin rawaya ta 1912. Daga nan ka nufi gidan tarihi na Salar Jung a bakin kogin Musi. Mafi yawan abin da ke cikinsa mutum ɗaya ne ya tara, Mir Yusuf Ali Khan, Salar Jung na uku, wanda ya yi wazirci na ɗan lokaci ya ajiye, ya ƙarar da rayuwarsa wajen sayen kayan tarihi har ya rasu a 1949, aka buɗe wa jama'a a 1951. Jama'a suna tururuwa wajen wani agogo da ɗan mutum-mutumi yake fitowa ya buga ƙararrawa kowace awa, da kuma sassaƙen marmara na wata mace mai lulluɓi, aikin Benzoni ɗan Italiya, wanda mayafin dutsen yake kamar za a iya ɗaga shi. Ni dai shawarata ita ce ka fi ba da lokaci ga sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da Farisanci da tsofaffin kwafin Alƙur'ani. Chowmahalla da Salar Jung duka a rufe suke ranar Juma'a, don haka a tsara kwanaki da wannan a zuciya.

Fadar Falaknuma da ke kan tudu kudu da Charminar, mai teburin cin abinci na mutum 101, ta zama otal tun 2010, kuma ba a shiga sai da ajiyar wuri da kuɗi mai kauri. Wanda bai je ba bai yi babbar asara ba.

Yayin da kake bakin Musi, ka lura da manyan gine-ginen da ke gaɓarsa, kamar Babbar Kotu da Asibitin Usmaniya. A ranar 28 ga Satumba 1908 kogin ya yi ambaliyar da ta kashe mutane kimanin 15,000, kuma bayanta ne aka sake fasalin garin, aka gina madatsun Usman Sagar da Himayat Sagar. A harabar asibitin har yau akwai wata tsamiya da mutane kimanin 150 suka hau suka tsira a wannan rana, kuma ana taruwa a gindinta duk shekara don tunawa.

Almajiri ko malami yana da wata ziyara ta musamman. A cikin Jami'ar Usmaniya, wadda aka kafa a 1918, akwai cibiyar Da'iratul Ma'arifil Usmaniyya, wadda tun 1888 take tace tsofaffin littattafan Larabci tana buga su. Daga nan bugun farko na Sunanul Kubra ta Baihaƙi da Mustadrak na Hakim da Tahzibut Tahzib na Ibn Hajar suka fito, littattafan da malamanmu suke ambato a zaurukan karatu.

Mataki na shida: abinci

UNESCO ta sa Haidarabad cikin biranen da suka yi fice a girki a 2019, kuma samun halal a nan ba wahala ba ne, musamman a tsohon gari da Tolichowki. Biryani ita ce kan gaba. Irin ta garin ana jiƙa ɗanyen naman akuya a kindirmo da citta da tafarnuwa da kayan ƙamshi, a shimfiɗa shi a gindin tukunya, a zuba shinkafar basmati da ta yi rabin dahuwa a kai tare da soyayyar albasa da na'a-na'a da za'afaran da man shanu, sannan a liƙe murfi da kwaɓaɓɓen fulawa a bar ta a kan wuta kaɗan, nama da shinkafa su nuna tare da tururinsu. Ana kawo ta da miyar barkono mai gyaɗa da riɗi da tsamiya, da kuma kindirmo mai albasa wanda yake kashe zafin yaji. Kwano ɗaya yakan ishi mutum biyu. Shadab kusa da Charminar da Paradise a Sikandarabad suna cikin gidajen da aka daɗe da sani.

Halim abincin azumi ne da Larabawan Yaman suka kawo, garin ya mayar da shi nasa. Alkama da nama da wake da man shanu ake dafawa awanni da yawa a babbar tukunya kan murhun tubali, ƙarti suna kirɓa shi da dogayen muciyoyi har nama ya narke, ya yi kauri kamar faten da ya ji wuta. Da safe kuwa sai shayin Irani mai madara da aka daɗe ana tafasawa, tare da biskit ɗin Usmaniya mai ɗan gishiri. A shagon Nimrah ana shan sa ana kallon Charminar. Ka ɗanɗana dosa da idli na mutanen Telugu, waɗanda ake yi da ƙullun shinkafa kuma ba su da nama. A kan kayan da ke cikin leda, koren ɗigo yana nufin babu nama a ciki. A sha ruwan gora mai hatimi kawai, kuma wanda ya zo jinya ya tambayi likitansa kafin ya ci abincin titi.

Mataki na bakwai: tafki, sabon gari da zama da mutane

Yini na ƙarshe ya fi sauƙi. Tafkin Husain Sagar, wanda aka haƙa a 1563 a zamanin Sultan Ibrahim, shi ya raba Haidarabad da Sikandarabad, garin da ya taso daga barikin sojan Ingila. A tsakiyarsa akwai mutum-mutumin Buddha mai tsawon mita 18 da aka kafa a 1992, kuma da yamma iyalai suna fitowa shan iska a bakinsa. A Sikandarabad ne likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro ranar 20 ga Agusta 1897, kuma ginin da ya yi aikin yana nan a Begumpet. Masu sha'awar fim suna iya ba Ramoji Film City yini guda, gabas da gari. Haidarabad ce cibiyar finafinan harshen Telugu, waɗanda da yawansu ake fassara su da Hausa. A unguwar AC Guards akwai jikokin dakarun doki 'yan asalin Afirka da suka yi wa Nizam aiki, a Barkas kuma akwai jikokin Larabawan Hadramaut, waɗanda kiɗan gangarsu na marfa ya zama na bikin kowa a garin.

Harsunan titi su ne Telugu da Urdu da Hindi, kuma Turanci yana biyan buƙata a otal da asibiti. Sallama tana buɗe ƙofa a tsohon gari, ga Hindu kuwa a haɗa tafuka a ce namaste. Idan mutum ya kaɗa kai gefe da gefe, yawanci amincewa yake nufi. Mabiya addinin Hindu su ne mafi yawa a birnin, saniya tana da alfarma a wurinsu, don haka ba a raha da ita, kuma ba a ɗaukar hoton masu ibada ko mata sai da izini. A lokacin bikin Bonalu a Yuli zuwa Agusta, da ranar da ake kai gumakan Ganesh tafki wajen Satumba, hanyoyi suna cushewa ƙwarai, saboda haka mai ganin likita ko mai kama jirgi ya fita da wuri. Za a yi ta kallonka, wasu su nemi hoto da kai. Mafi yawa son sani ne, kuma kana da damar ƙi cikin ladabi.

Ka riƙa yawo da kwafin fasfo da biza, ka bar na ainihi a wuri amintacce. Kada ka wuce ranar da bizarka ta ƙare ko da kwana ɗaya, domin hukuma tana ɗaukar wannan da tsanani. Idan jinya ta ja, a nemi ƙari ta ofishin rajistar baƙi na FRRO kafin wa'adi ya cika, da takardar asibiti. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba don ka kai masa gida. Ranar tafiya ka haɗa rasit ɗin lu'ulu'u da takardun magunguna a jakar hannu, ka sa turare da sauran kayan ruwa a babbar jaka, ka canza ragowar rupi kafin ka wuce jami'an shige da fice, kuma ka bar masauki aƙalla awa 5 kafin tashin jirgi, domin ba a barin kowa ya shiga ginin filin jirgi sai ya nuna tikiti da fasfo a ƙofa, kuma layin yakan yi tsawo da dare.